Ba-Matsala da Shanyar Asabar

A layinmu, bango ɗaya ne ya raba shagona na aski da shagon wani mai sayar da katifa, wanda kowa ke kira Ba-Matsala. Ko me ka kawo masa, ciwon haƙori ne, rikicin gado ne, ko injin da ya ƙi tashi, kafin ka rufe baki ya buga ƙirji ya ce, "Ba matsala, ai wannan aikina ne." Ni kaina ya taɓa gyara mini fanka. Tun daga ranar bango take hurawa, ni da masu aski muna zufa a gabanta. Da na yi ƙorafi sai ya ce laifin bangon ne da ya tsaya a inda bai kamata ba.

To, wannan bawan Allah abu ɗaya ne ya hana shi sukuni a duniya, wato koriyar rigar Ƙungiyar Tallafa wa Maƙwabci. 'Yar riga ce marar hannu, da tambari a ƙirji, wadda muke ɗorawa a kan kaya in za mu fita aikin agaji. Dokarmu kuwa, sabon shiga ba ya saka ta. A bencin baya yake zama, ba ya jefa ƙuri'a, har sai ya jagoranci aiki guda ya kai shi ƙarshe lafiya. Ba-Matsala ya daɗe a bencin nan har katakon ya lanƙwashe. Tela ya riga ya ɗinka masa tasa rigar, wadda ta ci yadin mutum biyu, an ajiye ta tana jiran ranar. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ya riga ya gaya wa surukinsa, mahaifin matarsa, cewa shi ne hannun daman Shugaba, rigar ma shi ne yake jan ƙafa don kada a ce ya cika son girma.

Ana cikin haka gobara ta tashi a wani gidan haya bayan kasuwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wani mai facin taya da muke kira Mai Faci da iyalinsa da tsohuwar mahaifiyarsa da maƙwabtansu sun fito da kayan jikinsu kawai. Aka sauke su a wani aji na makarantar firamare. Mu kuma muka kira taro a ajin da ke kusa, manya da gemu muka cusa kanmu a kujerun yara.

Shugabanmu tsohon hedimasta ne, mutum mai yin komai a hankali, ko atishawa sai ya yi shawara. Ya ce mu rabu biyu-biyu, mu bi gida-gida, mu yi sallama, mu roƙi tufafin da aka daina sawa.

Ba-Matsala ya miƙe daga baya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikin zamanin da ne. Kafin ku gama sallama mutanen nan sun tsufa a cikin tsumma. Ku bar mini."

"Me za ka yi?" in ji Shugaba.

"Shela zan yi da lasifika. Duk mai kayan bayarwa ya fito da su ƙofar gida ranar Asabar da safe. Ni kuma in bi da mota in kwashe. Masu kyan mu yi gwanjonsu da yamma, kuɗin a sayi kwanon rufi, sauran a raba. A wuni ɗaya an gama, ku kuma ku saka mini rigata a gaban jama'a."

Anti Nas, wadda ke riƙe mana asusu, ta dube shi ta saman gilashi. "Ka taɓa yin irin wannan aikin?"

"Haba Anti! Ni da na taɓa loda katifun otal guda a kan babur ɗaya?"

"Na tuna. A asibitinmu aka ɗinke mai babur ɗin."

Aka yi dariya, amma da yake babu wanda ke marmarin bin gidaje cikin rana, aka amince. Anti Nas ta gindaya sharaɗi ɗaya. Tsofaffin kaya ba a raba su da ƙura da ƙwari, don haka dole shi da direba su saka takunkumi da safar hannu. Ta ciro su daga jaka ta miƙa masa.

Ana gobe Asabar ya ɗauki hayar babur, ya zauna a baya da lasifika a baki. Ciwon Ba-Matsala shi ne ba ya iya fara magana sai ya gabatar da kansa. Da sun shigo layi sai ya fara: "Jama'a, ku saurara! Mai magana da ku shi ne Ba-Matsala, mai katifar da ba ta lotsawa, hannun daman Shugaba, wanda ba da jimawa ba za ku gani cikin koriyar riga..." Kafin ya kai ga zancen tufafi, babur ya fita daga layin. Da sun shiga na gaba sai ya ce ai waɗannan ba su san wanda ke magana ba, ya sake daga farko. Haka ya zagaye unguwa kaf. Wuri ɗaya ne kawai ya kai ƙarshen sanarwar, a bayan filin ƙwallo inda man babur ya ƙare, kuma awaki ne suka saurara.

Akwai kuma abin da bai sa a lissafi ba. Famfon unguwarmu ya yi kwanaki a bushe, sai da asubahin Asabar ɗin nan ruwa ya dawo. Kowane gida aka hau wanki. Gidajenmu kuwa ƙanana ne, babu wurin shanya a ciki, don haka a waje ake yi. Kafin hantsi, igiya daga wannan falwaya zuwa waccan, katanga, shingen waya, har kan matattun motocin bakin gareji, ko'ina ka duba kaya ne jiƙe sharkaf suna ɗiga.

Direban motar kayan da ya ɗauka haya shi ya ba ni wannan labarin daga baya, yana kan kujerar aski. Ya ce suna shigowa layin farko Ba-Matsala ya ce a tsaya. Ya sauko, takunkumi a fuska, safa a hannu, hula har gira, ya dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, idonsa ya kawo ruwa.

"Direba, ka ga tasirin magana? Jiya kawai na yi musu shela. Dubi! Har wanke mana su suka yi."

"Malam, anya kuwa? Waɗannan fa jiƙaƙƙu ne."

"Sadakar mai tsafta ke nan. So kake su ba mu da datti?"

"Har da abin maƙalewa a jikinsu fa."

"Don kada iska ta riga mu. Kai dai ba ka san mutanen kirki ba. Kama can!"

Suka hau kwasa. Riguna, wanduna, zannuwa, kayan makaranta, zanen gado, labule, ba su bar ko safa ɗaya ba. A layi na biyu wata mai sayar da ƙanƙara, mace mai murya kamar ta ɗauki hayar lasifika, ta leƙo ta tagar bene ta ga wani ƙato rufe da fuska yana naɗe mata kaya.

"Kai! Kai! Zannuwana!"

Ba-Matsala ya ɗaga mata hannu, muryarsa na fita da ƙyar ta cikin takunkumi. "Mun gani, Hajiya, mun gode! Ba sai kin sauko ba, ladanki yana wurin Allah!"

Ta juya neman mayafi ta sauko, sai ta tuna mayafin ma yana kan igiyar. Kafin ta sami abin yafawa mota ta sha kwana.

A wani gida kuma tawul da wando suka gani rataye a kan katangar banɗaki, ana jin ƙarar ruwa a ciki. Direba ya ce wannan kam a bar shi. Ba-Matsala ya ce ba a raina kyautar talaka, abin da yake da shi ke nan ya bayar. Suna tayar da mota Direba ya hango wani hannu mai kumfa ya fito ta saman katanga yana lalube.

Sai suka iso filin Mai Wanki. Nan kam abin ba a magana. Manyan riguna sun sha sitaci jere a kan igiya, ga ƙulle-ƙulle na kayan da aka goge an ɗaure a cikin zanen gado suna jiran masu su. Shi Mai Wankin ya tafi sayen gawayin guga.

"Tirƙashi!" in ji Ba-Matsala. "Wannan ba ƙaramin mai zuciya ba ne."

"Malam, nan fa wurin Mai Wanki ne."

"To, mai wanki ba ya sadaka? Kana raina masu sana'a ke nan?"

Suka loda har mota ta zauna. A cikin ƙullin da ya fi girma akwai korayen rigunan ƙungiya gaba ɗaya, har da sabuwar da aka ɗinka masa, domin Shugaba ya kai a wanke su a goge saboda taron yamma. Ba-Matsala bai kwance ba. Ya ɗauki ƙullin nan a kafaɗa ya kai ajin da masu gobara suke, ya dire a gaban tsohuwar, wadda kowa ke kira Kaka.

"Ga somin-taɓi, Kaka. Da hannuna na ba ku. Kowa ya zaɓi nasa ya saka, ku fito fes da yamma, akwai mai hoto."

Sauran kayan ya zube su tuli guda a filin makaranta ya rufe da tamfol. Direba kuwa, da ya karɓi kuɗinsa, sai ya tuna yana da tafiyar gaggawa zuwa wani gari mai nisa.

Kafin azahar unguwa ta ɗauki zafi. Shagona ya cika da mutanen da ba aski ya kawo su ba. Ni kaina ƙyallayen da nake ɗaura wa mutane a wuya sun tafi, tare da wandona na fita unguwa. Mai Ƙanƙara ta tsaya a bakin ƙofa, ta yafa labulen ɗaki, tana rantsuwa ta ga ɓarawon da idonta, ƙato ne mai tumbi, ya rufe fuska, kuma don rainin hankali har godiya ya yi mata.

Ana cikin haka Ba-Matsala ya shigo, ya yi wanka ya sha turare.

"Lafiya na ga taro?"

Aka gaya masa ɓarayi sun kwashe shanyar unguwa.

"Ɓarayi? Da rana tsaka? A unguwar da nake?" Ya buga ƙirji. "Ba matsala. Ku ba ni zuwa gobe, zan kamo muku shi da hannuna. Ya yake?"

"Ƙato ne, mai tumbi," in ji Mai Ƙanƙara.

"To ba ɗan unguwar nan ba ne. Duk masu tumbin unguwar nan na san su, mutanen kirki ne."

Matarsa ta iso tana haki. "Maigida, Baba ya aiko. An kwashe masa kaya tas, ya ce ka ara masa abin da zai saka ya zo taron naka."

"Har Baba? Kai, wannan ɓarawo bai san da wa ya taɓa ba. Ki ɗaukar masa babbar rigata mai ruwan ƙasa."

Da mutane suka ragu na ja shi gefe. "Ba-Matsala, kayan da ka tara da safe, a ina ka same su?"

"A ƙofar gidaje mana, kamar yadda na yi shela."

"A ƙasa ko a kan igiya?"

Ya dube ni da tausayi. "Mai Aski, kana haɗa sadaka da sata? Ai godiya ya kamata ka yi wa Allah da na riga ɓarayin nan fita. Da na makara, har na sadakar za su haɗa."

Na ga in na fasa ƙwan a nan, daga ni sai fankar da ke hura bango za mu sha kallo, alhali da yamma unguwa ce guda za ta taru. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ban taɓa ganin taro irin na yammar nan ba. Kowa ya zo da abin da ya rage masa a akwati. Wani ya zo da kayan angoncinsa da suka daina shigarsa tun tuni, maɓalli na neman tsinkewa. Wani da rigar ƙwallo da zanen matarsa. Surukin Ba-Matsala, siririn dattijo mai yawan kunya, ya iso cikin rigar aro yana tattare ta da hannu biyu kada ya taka. Shugaba kuwa rigar ruwa ya saka, ga rana tana dukan ƙeya, domin duk kayansa na kirki suna wurin Mai Wanki, shi kuma Mai Wanki an neme shi an rasa. Mu 'yan ƙungiya muka zauna a gaba ba ko ɗaya mai koriyar riga.

Ba-Matsala ya hau tebur da lasifika. Bayan ya gama gabatar da kansa, abin da ya ɗauki lokacin da za a iya aske mutum uku, ya yaye tamfol.

Kowa ya miƙa wuya.

Ya sunkuya ya ciro abin da ke sama. Wani gajeren wando ne na ciki, ya sha faci kala-kala har ba a gane asalin yadinsa, ga wata tsohuwar igiyar takalmi a madadin roba. Ya ɗaga shi sama ya juya shi gabas da yamma.

"Jama'a, ku dubi ikon Allah! Mai wannan ba shi da komai, amma ya bayar. In yana nan ya miƙe mu tafa masa."

Babu wanda ya motsa. Na dubi surukinsa, na ga dattijon yana nutsewa cikin rigar aro har hula kawai ake gani.

"To, wa zai taya?"

Wata 'yar murya ta fito daga cikin rigar ta taya.

"Baba da kansa! Kun ga gidan da na yi aure? Wa zai ƙara?"

Mahaucin unguwarmu, wanda bai taɓa ganin fitina ya wuce ta ba, ya gane inda aka dosa. Ya ɗaga hannu ya ƙara. Dattijo ya ƙara. Mahauci ya ce a ɗaga wandon sama sosai, yana so ya duba facin baya kafin ya sake tayawa. Dattijo ya yi tsalle ya faɗi kuɗin da zai sayi sababbi cikin kwali, ya ce don girman Allah a sallama a sauke shi.

"An sallama wa Baba!" in ji Ba-Matsala, yana share hawaye. "Wannan shi ne son taimako."

Abin da ya tsare masa mutunci na ɗan lokaci ke nan. Ƙananan kaya ne a saman tulin, irin waɗanda mutum zai gwammace ya saya da ya ce nasa ne. Singileti mai huji a ciki, safa da babban yatsa ya ci, zanen gadon da yaro ya bar wa taswira. Duk wanda aka ɗaga sai ka ji wani daga cikin taro ya taya da sauri, idonsa a ƙasa, Mahauci kuma yana biye da shi yana ƙarawa. Anti Nas tana karɓa tana zubawa a kwali, tana cije leɓe. Ni ma da aka zo kan wandona, wanda ke da ɗinki a wurin zama, na saye shi.

Nasara ta hau wa Ba-Matsala kai. Ya tura hannu can ƙasa ya zaro wata farar babbar riga mai aiki a wuya, ta sha guga.

"Yauwa! Ga ta manya. Wannan daga gani ta wani tsoho ce da ya ga ba shi da sauran wurin zuwa, ya ce bari ya yi abin kirki kafin a kira shi."

Shugaba ya miƙe a hankali, rigar ruwa na ƙara.

"Ba-Matsala."

"Ranka ya daɗe, tayawa za ka yi?"

"Rigata ce."

"Ka gani! Shugaba da kansa! Amma ranka ya daɗe, mai kyauta ba ya tallar kansa, za ka rage lada."

"Ban bayar ba. Wanki na kai."

Daidai nan aka ji hayaniya daga bakin ƙofar makaranta. Mai Wanki ne ya shigo, dutsen guga a hannu, bayansa masu kaya suna rakiyarsa da zagi tun daga inda suka zaƙulo shi. Yana ganin tulin ya saki ihu. "Ga su nan! Wallahi ga su nan! Har zanen da nake ɗaure su!"

Zufa ta karyo wa Ba-Matsala. Ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici, sai takunkumi da safar hannu suka biyo shi suka faɗo kan tebur.

Mai Ƙanƙara ta taso, labulenta na jan ƙasa. "Saka shi."

"Hajiya, ai wannan na kiwon lafiya ne..."

"Na ce ka saka shi!"

Ya saka.

"Yanzu ka ce, ladanki yana wurin Allah."

Bai kai ga faɗa ba. Filin ya yamutse. Jama'a suka afka wa tulin, wannan ya ja hannun riga, wancan ya ja wuyanta. Mata biyu suka kama zane ɗaya kowace na rantsuwa nata ne, sai ga ta uku ta zo ta nuna inda ta ƙona shi da dutsen guga. Wani mutum da ƙaiƙayin sabulu bai bar shi ba tun safe yana ta tambayar wa ya ga tawul mai ratsin shuɗi. Waɗanda suka sayi kayansu suka yi kan Anti Nas, ita kuwa ta zauna a kan kwalin ta ce duk mai ƙarfi ya ɗaga ta. Ba-Matsala yana kan tebur yana kiran a kwantar da hankali, har wani ya fizge lasifikar, wani kuma ya fizge teburin.

Cikin wannan ruɗani ƙofar aji ta buɗe.

Masu gobara ne suka fito a jere, kamar yadda aka ce musu, don a ɗauki hoto. Mai Faci a gaba, matarsa, 'ya'yansa, maƙwabtansu, kowa sanye da koriyar rigar ƙungiya da tambari a ƙirji. A ƙarshen layi Kaka ce, cikin wadda ta fi kowace girma, sabuwa dal, ta sauko mata har idon sawu. Kaka ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ga jama'a kowa rungume da kaya, ta ɗauka kawowa suke yi.

"Sannunku, 'ya'yana," in ji ta. "Duk wannan namu ne? Tun da wuta ta ci ɗakinmu, sai yau na saka abin da ba ya warin hayaƙi. Allah ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mana."

Kunya ta kama filin nan gaba ɗaya, har da ni. Mai Ƙanƙara ta dubi zannuwan da ke hannunta, ta zaɓi biyu ta miƙa wa matar Mai Faci, tana gunaguni cewa dama sun yi mata kaɗan. Mahauci ya ajiye riga. Mai tawul ya ce shi tawul ɗin kawai yake so, a riƙe wandon. Kafin wani lokaci sabon tuli ya taru, wannan karon da sanin masu shi. Waɗanda ke neman kuɗinsu wurin Anti Nas suka sulale suka koma wurin zama.

Ba-Matsala ya tashi daga ƙasa, ya karkaɗe jiki, ya ga iska ta sauya. Nan take ƙirjinsa ya dawo.

"Kun gani? Ai abin da na shirya ke nan tun farko. Da na roƙe ku, tsumma za ku ba ni."

"Na zo ganin an saka maka riga," in ji surukinsa, yana cusa abin da ya saya a aljihu, "na ƙare da sayen wandona a gaban duniya."

Mai Faci, da ya fahimci abin da ya faru, ya sa mutanensa suka tuɓe korayen rigunan suka mayar wa Shugaba da ban haƙuri. Kaka kaɗai ta riƙe tata da hannu biyu. Ba-Matsala ya matsa kusa da ita yana murmushi.

"Kaka, wannan ta yi miki yawa. Tawa ce, ni aka auna."

"Ba kai ka ba ni ba?"

"Ni ne, amma..."

"Ba ka ce da hannunka ba?"

"Na ce, amma kuskure..."

"To ni ba a ba ni abu a karɓe. Da rana riga ce, in sanyi ya sauko bargo ne."

Ya juya wurin Shugaba. "Ranka ya daɗe, ka sa baki. Aiki dai an yi shi. Ga kaya, ga kuɗin kwano."

Shugaba ya cire rigar ruwa, ya saka farar rigarsa da ta sha takun jama'a. Sannan ya ce, "Riga ɗaya ƙungiya ta ɗinka, don sabon ɗan ƙungiya ɗaya. Kai ka tara kayan da ba a ba ka ba. Ita kuwa da magana ɗaya ta tara waɗanda aka bayar. Wa ya yarda rigar ta zauna inda take?"

Hannuwa suka tashi, har na waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Surukinsa ya ɗaga biyu.

"To ni fa?" in ji Ba-Matsala.

"Bencinka yana nan."

A karo na farko tun da na san shi, bai ce ba matsala ba. Ya tsaya zugum yana kallon tambarin da ke ƙirjin tsohuwa, har ya ba ni tausayi. Kaka ma ta ji tausayinsa. Ta dafa masa hannu ta ce, "Kada ka damu, ɗana. Zan bar wasiyya, ranar da na mutu a ba ka."

Fuskarsa ta ɗan washe. Ya jira har aka fara watsewa, sannan ya lallaɓa wurin Anti Nas, ya rage murya.

"Anti, tsakaninmu, ya lafiyar Kaka take?"

Anti Nas ta ɗauki kwalinta ta rungume. "Jiya na gwada ta. Ta fi ka lafiya nesa ba kusa ba. Kai ne ma nake so ka zo Litinin in duba jininka."